Tozon da Ka Bar Mini Gado

Assalamu alaikum Malam Isiya, mai tukubar bakin kasuwa a Faskari. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kabarinka ya fi jijiyoyina yalwa.

Na ɗauki biro ne in yi maka faɗa, tunda yanzu ba ka iya ramawa. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji uku karatuna ya ajiye ni.

Ka tuna yadda kake ware mini tozo, ka naɗe a takarda kana cewa, "Ci, Iro, namiji ba ya tsoron maiƙo"? To, na ci. Kai ma ka ci, har ranar da ka dafe ƙirji gaban garwashi ka faɗi. Muka ce ajali. Ajali ne kam, amma ashe mu muka riƙa share masa hanya.

Bana ɗan tudun masallaci ya fara gagarata, ƙirji kamar an ɗora mini buhun masara. Ɗiyata Hadiza ta ja ni asibiti Katsina. Likita ya ce kitse ne ya daskare a hanyoyin jini har suka tsuke, irin yadda laka ke toshe bututun ban-ruwa. Yanzu gidana ya koma bariki. Uwar yara ta ɓoye man shanu, miya ba gishiri, zogale safe da yamma sai ka ce akuya. Ni da na aurar da 'ya'ya, ni ake leƙa wa kwano!

Babban abin haushin shi ne ɗanka, Bishir. Ya gaji tukubar, ya gaji tumbin, ya gaji wasiyyarka. Duk ranar kasuwa sai ya miƙo ƙunshi: "Baba Iro, ga naka, haka Baba ya bari." In ƙi, kamar kai na ƙi. In karɓa, in biyo ka. Wane irin gado ne wannan, Isiya?

Jiya na ga ya ɗaga cinyar saniya kawai yana haki, hannunsa daidai inda kake dafawa. Na mayar masa da ƙunshin. Idonsa ya kawo ruwa, nawa ma, na ce hayaƙi ne. Gobe mota ɗaya za mu shiga zuwa asibiti, ko ya so ko ya ƙi.

Na karya wasiyyarka, abokina. Ina kewarka ƙwarai, amma ba na gaggawar ganinka, kuma Bishir ba zan bari tozo ya kawo maka shi ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya ciyar da kai naman Aljanna wanda ba ya toshe komai. Amin.

Naka mai cin zogale,
Iro