Ta'aziyyar Baba Velaphi Mguni, Alƙalin da Bai Tashi Wasa Ba

"Matuƙar ina kan wannan kujera, ko ciyawa ɗaya ba za a tsige daga filin Zwelisha ba. Wannan gasa ta 'ya'yanku ce." Kalaman Mai Girma Dakta Thaddeus Mpala ke nan, Shugaban Kwamitin Karɓar Baƙuncin Gasar Kurket ta Yini Ɗaya ta Ƙasa da Ƙasa, ranar da ya kawo mana baƙi masu duba filaye, ya sa muka buga musu wasa, ya kuma ci tuwon masararmu da hannu har sai da masu ɗaukar hoto suka gama aikinsu.

Cikin alhini, da fushin da ba mu ga dalilin ɓoye shi ba, Ƙungiyar Kurket ta Matan Zwelisha da ke Bulawayo tana sanar da iyalan Mguni, da 'yan wasa, da ɗaukacin jama'a, cewa ta samu labarin rasuwar ubanmu, malaminmu kuma alƙalin wasanmu, Baba Velaphi Mguni, dattijon coci, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda ya cika a asibiti ranar Talata sakamakon dukan da aka yi masa ranar Asabar a tsakiyar filin da Mai Girma Dakta ya rantse a kansa. Sanarwar Kwamiti ta ce marigayin "ya yanke jiki ya faɗi cikin wata 'yar hatsaniya." A cinyata aka ɗora kansa cikin motar da ta kai shi asibiti. Na ga ƙeyarsa, kuma faɗuwa ba ta yin haka.

Baba Mguni ya fara sanin kurket, wasan jefa ƙwallo da bugunta da sanda, ta bayan shinge ne, lokacin da irinsa ba ya shiga filin Turawa sai in ruwan sha ya kawo musu. Da ya bar aikin jirgi, juji ya tarar a Zwelisha. Shi ya kwashe kwalabe, ya ɗebo baƙar laka daga bakin rafi a baro, ya daɓe tsakiyar filin da tsohuwar ganga cike da siminti. Da maza suka ce masa mata ba za su iya tsayawa gaban ƙwallo mai tauri ba, sai ya ce, "Macen da ta tsaya gaban miji mashayi, ƙwallo ce za ta razana ta?" Ya bi mu kasuwa da aji da ɗakin ɗinki, ya danƙa mana sanda. Mata huɗu daga cikin waɗanda ya koya wa jifa sun sa rigar ƙasa.

Alƙali ne wanda ba ya sassauta wa kowa. Ya taɓa fitar da 'yar cikinsa, Nokuzola, tana gab da lashe mana kofi, suka koma gida ba ta kula shi, shi kuwa yana fito. Ba ya shiga fili sai da farar riga goge, da duwatsu shida a aljihun dama, na ƙirga jifa shida na kowane zagaye, duk jifa ɗaya ya mayar da dutse ɗaya aljihun hagu. Ya yi imani, imani irin na coci, cewa in dai alƙali bai sauke ƙananan ƙirare biyun da ake ɗorawa a kan turakun da mai jifa ke sara da hannunsa ba, wasa bai tashi ba, kuma ko shugaban ƙasa ba shi da ikon taka tsakiyar fili. Wannan imanin ne ya kashe shi, domin ya ɗauka kowa ya san da haka.

Hotonsa cikin wannan farar riga Kwamiti ya kai ƙasashen waje ya nuna, a matsayin shaida cewa kurket ya shiga unguwannin talakawa, har aka ba mu gasar. Daga baya baƙi suka ce babban filin wasa na birni ba shi da wurin ajiye motocin manya, in ba a samo ba za a kwashe wasannin duka zuwa Harare. Kwamiti ya waiwaya, ya ga filinmu a kusa, a share, a daɓe.

Ranar Asabar muna karawa da matan garin Gwanda sai ga katafila ta fasa shinge, 'yan gadin haya suna biye da karnuka da dorina. Baba Mguni ya ɗaga hannu ya dakatar da mai jifa, ya taka ya tsaya gaban katafilar. "Ɗana, kashe injin nan, ana wasa," in ji shi. Shugaban 'yan gadin ya ce, "Tsoho, wasan 'yan aikin gida ne zai tsayar da aikin ƙasa? Kauce." Mai tsaron bayan turakunmu, MaNkala, ta amsa masa da cewa uwarsa ma wankau take yi a Hillside, unguwar masu kuɗi, kuma ta fi shi mutunci. Dorina ta farko a fuskarta ta sauka. Aka saki karnuka. Suka yaga cinyar kyaftin ɗin Gwanda, suka ja ta a ƙasa. Baba Mguni bai gusa ba. Ya dubi shugaban nasu, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, alamar da yake yi wa ɗan wasan da ya fita. Wani ya tumɓuke turke daga ɗaya gefen ya zagayo ta bayansa. Sau uku muka ji ƙarar. Da ya faɗi suka bi shi da takalma, farar rigar ta rine, sannan katafila ta bi ta kan lakar da ya ɗebo da baro.

Mun samu saƙon Mai Girma Dakta cewa za a yi shiru na minti ɗaya a bikin buɗe gasa, 'yan wasa kuma za su ɗaura baƙin ƙyalle. Ya riƙe shirunsa. Ya yi shi tun ranar Asabar, ya ishe mu.

Ga uwarmu MaHlabangana, uwargidan marigayi, da Nokuzola da ƙannenta, da dukkan zuriyar Mguni: muna roƙon Ubangiji ya jiƙansa, ya ba shi hutawa, ya ƙarfafa zukatanku, ya tsaya muku a inda shi ya saba tsayawa. Mama, da kika karɓo rigarsa daga asibiti, kin kira ni kin zazzage aljihunta a kan tebur. Duwatsu huɗu a hagu, biyu a dama. Kika ce, "'Yata, mutumin nan bai taɓa barin aiki rabi ba, ku kuka san yadda za ku yi." Mun ji, Mama.

Saboda haka muna shaida wa Kwamiti cewa wasan ranar Asabar bai tashi ba, domin alƙali bai sauke ƙirare ba, kuma akwai sauran jifa biyu a hannunsa. Muna ba Mai Girma Dakta Mpala zuwa tsakar ranar Juma'a ya fitar da katafilarsa da kwaltarsa daga filinmu, ya kuma miƙa wanda ya ɗaga turken da wanda ya aiko shi ga shari'a. In ya yi, a Zwelisha za mu ƙarasa.

In bai yi ba, ranar Lahadi, daidai lokacin da za a kaɗa kwabon buɗe gasa a idon duniya, zan shiga tsakiyar babban fili da matan Zwelisha da na Gwanda, da takalmanmu na coci masu tsini, mu tattake lakar da aka yi wata da watanni ana lallaɓawa. Nokuzola za ta sa rigar ubanta yadda take, ba a wanke ba. Ni zan yi jifa biyun da suka rage. Ku kawo karnukan, wannan karon akwai masu ɗaukar hoto.

Sa hannu:
Sithabile Mlotshwa
Sakatariya kuma Kakakin Ƙungiyar Kurket ta Matan Zwelisha, Bulawayo