Shekarun Kifin Alkasim

Danau Kota, Kuala Lumpur
12 ga Afrilu, 2020

Amini Alkasim,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa, ina fata kana lafiya. Ya sanyin Norway, ya kaɗaici? Mu nan alhamdu lillahi, maiɗakina Ɗelu tana gaishe ka.

Saƙonka ya iso, har da hotonka cikin jibgegiyar riga a bakin jirgin ruwa. Sannu, Sarkin Ruwa! Mu kuwa korona ta kulle gari. Daga gida sai kedai, wato shagon abinci, in yi tapau, a ƙunsa mini in dawo. Ko sallar Juma'a babu.

Na karanta labarin kifin naka, kod ɗin ƙanƙara. Wai tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, a ƙarƙashin ƙanƙara yake kiwo, jininsa na da sinadarin da ke hana shi daskarewa, kuma sai tsakiyar hunturu yake zuba ƙwai. Ikon Allah! Ashe dangin busasshen kifin nan ne na Sabon Gari, wanda sai an sa masa zarto. Shafi uku ka cika mini kamar ban san komai ba. Ka manta tare muka rubuta takardar neman gurbin binciken nan, kuma ɓangaren da Farfesa ya yaba nawa ne? Gurbi ɗaya ne, kai aka ba. Ba komai, rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Ka ce an rufe ɗakin gwajinku, malaminka yana gida, in taya ka ƙirga zobban da ke jikin dutsen kunnen kifin don a san shekarunsa. Turo hotunan mana. Da ma me nake yi?

Naka,
Abdulgani

Danau Kota
8 ga Yuni, 2020

Alkasim,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, an yi salla lafiya. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Kada ka gabatar da sakamakonka ran Alhamis. Lissafin ba daidai ba ne.

Ka tuna a dam ɗin Tiga an koya mana cewa karfasa tana yin zobe biyu a shekara, na damina da na rani, sai mu ƙirga mu raba biyu? Hannunka ya saba, ka raba na kod ma. To shi zobe ɗaya yake yi, na hunturu. Kifin da ka ce ɗumamar teku ta sa yana zuba ƙwai yana ɗan shekara ɗaya da rabi, ɗan shekara uku ne, kamar yadda kowa ya sani. Babu wani sabon abu da ka gano.

Tun a hoto na goma na gane, sati bakwai ke nan. Amma na rubuta maka cewa ƙirgarmu ta zo ɗaya. Ƙyashi ne, Alkasim, ba ni da wani suna da zan ba shi. Kai kana can kana taɓa kifin da hannunka, ni ina nan ina kallon hotonsa a ɗaki mai taga ɗaya. Da ka ce masana sama da ɗari za su saurare ka ta Zoom, wallahi daɗi na ji. Na zauna ina hango fuskarka lokacin da wani dattijo zai ɗaga hannu.

Jiya Ɗelu ta tambaye ni murmushin me nake ta yi ni kaɗai. Na faɗa mata, a zatona za ta taya ni dariya. Ta dube ni, ta ɗauki kwanonta ta koma kicin ta ci a tsaye. Shekara shida da aurenmu, ba ta taɓa yi mini irin wannan kallon ba.

Na sake ƙirga duka hotuna ɗari biyun, ga su nan na haɗa maka. Akwai abin da za ka iya faɗa da su, ko da ba zai girgiza duniya ba. Ka kira malaminka yau.

Kada ka sa sunana a godiya. Kada kuma ka zaci na warke, har yanzu ina jin ni ya kamata in tafi. Ka yafe mini in za ka iya.

Naka, in kana so,
Abdulgani