Na goge kwabban surukina, 'yata ta ɗauki laifin

Assalamu alaikum jama'ar wannan guruf. Don Allah ku ba ni shawara, admin a ɓoye sunana. Ni ban yi makaranta ba, murya na tura wa admin ta rubuta, kuma na ce kada ta gyara min magana.

Ni dattijuwa ce, na zo Manchester wata huɗu ke nan don 'yata ta haihu, suna zaune a Levenshulme ita da mijinta. Duk wanda ya san ni ya san ba na ganin ƙazanta in wuce, kuma ba abin da ke motsi a gida ban gani ba. To mijin nata yana da wata durowa a falo, kullum Lahadi in ya dawo kasuwar gwanjo sai ya zauna gabanta da madubin ƙara girma. Ran nan ya tafi aiki, ita kuma ta kai jariri wajen likita, na buɗe. Tsofaffin kwabbai ne a wani ɗan akwati, kowanne cikin 'yar ledarsa, sun yi baƙi ƙirin, wasu har da kore-kore. Akwai ma mai huji irin wanda muke sayen ƙosai da shi muna yara. Na ce a raina, ashe abin da ake ta lallaɓawa ke nan, an rasa mai wankewa, a gidan da ke da jinjiri. Na juye su a roba, na matse lemun tsami, na zuba gishiri, na sa soson ƙarfe. Akwai ɗaya da hoton kan sarauniyar da ke jikinsa ya fito a karkace, shi na fi dirza don na ɗauka datti ne ya ɓata shi. Suka yi fes kamar sababbi, na mayar kowanne leda, har ina jin na yi abin kirki.

Bayan kwana uku ya ɗauki akwatin bai buɗe ba ya tafi Birmingham, wajen wani dila da suka daɗe suna magana. Ashe shekara tara yake tara su, kuma wai baƙin nan shi ne darajarsu, mai saye ba ya son wanda aka taɓa. Na karkacen kuwa kuskure ne aka yi tun wajen buga shi, irinsa ba su da yawa, shi ne ya fi duka tsada. Dilan ya duba ya ce an kankare su, ko kwatan abin da suka yi magana ba zai bayar ba.

Da ya dawo ko abinci bai kalla ba, ya kira ta ɗaki. Ina falo da carbi a hannu, bangon gidajen nan kuwa kamar kwali, komai ina ji. Ya tambaye ta wa ya taɓa, ta ce ita ce. Ya ce sau nawa ya gaya mata ko da tsumma ba a goge su, ke nan da gangan ta yi, don dama tana mita cewa kwabbai sun cinye masa Lahadi. Ta ce ya yi haƙuri. Ni ina zaune ban tashi ba. Wallahi ban tashi ba.

Yau sati uku, tsakaninsu sai gaisuwa. Ya daina cin abinci tare da ita, ita kuma mai jego ce, har ruwan nono ya ragu. Amma ni kullum sai ya durƙusa ya gaishe ni, Mama ya ƙafa, jiya ma har Rusholme ya je ya sayo min man zafi. Na karɓa na sa masa albarka, bakina kamar na tauna maɗaci. Yarinyar nan ni na yi mata dukan tsiya tana ƙarama a kan ƙarya ɗaya, ga shi ta yi ƙarya saboda ni, ina kallo.

Na same ta a kicin na ce zan faɗa masa. Ta riƙe hannuna ta ce Umma kada ki soma, fushin da yake yi da ni zai huce, amma in ya ji ke ce ba zai iya ce miki komai ba, haɗiyewa zai yi, sannan ya gane na kalli idonsa na yi masa ƙarya. Ga kuma kunya, ni ko sunansa ban taɓa kira ba, ban taɓa zama na haɗa ido da shi ba, ban san ta inda ake fara roƙon suruki gafara ba.

Ranar Asabar jirgina zai tashi, shi ne zai kai ni filin jirgi, mu biyu a mota don ita ba ta fita da jariri sai dai asibiti. Don Allah ku gaya min, in bi maganar 'yata in tafi in bar ta da laifina a gidan mijinta, ko in buɗe baki a cikin motar nan? Wanda zai ce in faɗa, ya faɗa min har da kalmar da zan fara da ita, don ni ban san ta ba.