Littafin da Na Ɗinka Babu Rubutu a Ciki

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku, mai ɗinkin littattafai, nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Ƙafafuna ne suka kumbura, kaina lafiya lau. Likita ya ce in huta, na kasa. In zauna, in tashi, in leƙa shago, in dawo, domin akwai maganar da ta hana ni sakat shekara ashirin da shida.

Na ɗaya. Gida a raba shi yadda addini ya tsara, amma kada a tayar da 'yar'uwarku Malama daga ɗakinta. Ita ta yi jinyata, ita ta sha masifata.

Na biyu. Shago da injin matsa takarda da wuƙar yanka da allurai, ina roƙonku ku bar wa Auta. Shi kaɗai ya iya sana'ar. Kai Lauya, ko zare ba ka iya sa wa a allura ba.

Na uku, kuma ita ce maganar. Shekarar da aka yi sabon kundin tsarin mulki, akawun majalisa ya ba ni aikin ɗinka guda ɗaya mai bangon fata da rubutun ruwan zinari, wanda za a riƙa ɗora hannu a kai ana rantsuwar kama aiki. Ana gobe rantsuwa, maɗaba'a ba ta kawo shafukan ba. Ni da akawu muka shirya in ɗinka farar takarda daidai kaurin littafin, bayan sati a canja. Shafukan suka iso kwana uku da rantsuwa. Kafin sati ya cika aka yi wa akawu canjin wurin aiki, ba a jima ba ya rasu. Na je majalisa sau biyu, mai gadi ya ce sai da takardar izini. Sai na koma shago ina jiran ranar da wani zai buɗe littafin ya yi ihu a zo a kama ni. Shiru. Majalisa shida ta rantse a kansa.

Bara ma an kawo mini shi in gyara bango. Na buɗe, fari fat kamar yadda na bar shi. Masinja na tsaye a kaina, ya ce gam kawai zan shafa, sauri ake. Tsoro ya kama ni, na shafa gam na miƙa masa. Wallahi ina jin kunyar wannan rana fiye da ta farko.

Na huɗu. Gabar da ke tsakaninku, Lauya da Auta, ta ƙare kafin a yi mini addu'ar uku. Na san mafarinta. Auta, an tsare ka wata goma sha ɗaya ba a kai ka gaban alƙali ba, don kawai ka fita zanga-zanga. Yayanka ya yi ta yawo ofis-ofis yana karanto sashe kaza na kundin tsarin mulki, ana cewa ya dawo gobe. Ka fito ka ce kundin takardar ƙunshe kaya ce, shi kuma ya ce in ba don kundin ba, da ko inda kake ba za a faɗa mana ba. Tun ranar ba ku ƙara cin abinci kwano ɗaya ba. Na san in ka karanta na ukun nan dariya za ka yi, Auta, ka ce da ma ka faɗa. Kada ka yi. Kai kuma Lauya, kada gwiwarka ta yi sanyi.

Kuna so ku ji ko ni na yarda da kundin? Ban sani ba. Wata rana na yarda, wata rana in ce shirme ne. Abin da na sani, shafukan na karanta su har sun yi laushi, kuma abin da ke ciki mai kyau ne. Waɗanda suka rantse ne ba su taɓa neman su gani ba.

Na biyar. Shafukan suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin teburin yanka, mabuɗi na wurin Malama. Lauya, kai ka san ƙofofin, ka nemo littafin ta hanyar da doka ta yarda, ka faɗi gaskiyar abin da na yi, da sunana. Auta, kai za ka farke ɗinkina ka sa na gaskiya. Ɗayanku ba zai iya shi kaɗai ba, kuma da gangan na tsara haka.

Auta, in kana jera shafukan za ka ci karo da sashen da ya hana a tsare mutum ba shari'a. Duk watannin da kake kulle yana ƙarƙashin teburina, ina karanta shi ina kuka, ban iya kai shi ko'ina ba. Ka yafe mini, ɗana.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'yan da za su fi ku ƙarfin hali kamar yadda nake fatan ku fi ni. Ku riƙe Malama, ku riƙe juna. Ranar da za a yi ɗinkin, ku zauna a benci ɗaya.