Katin da Baba Ya Buga da Hannun Hagu

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Anti da 'yar ƙaramarmu da har yanzu a hoto kawai na santa. Yaya aiki? Umma tana gaishe ka, duk da ba ta san ina rubuta wannan ba.

Yaya, wata huɗu ke nan da Baba ya faɗi a bakin banɗaki. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannunsa na dama ya tafi, maganarsa ma ta tafi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyar da yara kyawun rubutu yau ba ya iya riƙe biro. Na ɓoye maka saboda na san yadda kuka rabu, ranar da ka ajiye karatun likita ka koma gyaran injuna, ya ce kada ka sake taka masa gida. Shekara shida ban sa baki ba. Yanzu na gaji da shiru.

Ina nan da sana'ata ta katin gaisuwa. Na dawo da teburina falo don in riƙa ganinsa ina aiki. Wuni yake yi a kujera yana kallon bango, abincin ma sai Umma ta yi da gaske.

Ba cewa nake ka zo ba. So nake dai ka sani.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaishe ku duka. Ban ga amsarka ba, amma na san saƙona ya same ka, don Anti ta kira ni tana kuka.

Makon jiya ina buga katunan wata mata da ta haihu, hatimina na roba mai siffar tsuntsu ya faɗo kusa da ƙafar Baba. Kafin in sunkuya ya riga ni da hannun hagu. Ya jujjuya shi, sai ya miƙo hannu wajen soson tawada. Na tura masa shi tare da guntun takarda. Bugun farko ya danna da ƙarfi har tsuntsun ya koma kamar kazar da ruwa ya doka. Umma ta fashe da dariya, shi ma gefen bakinsa ya motsa. Rabon da in ga haka tun kafin ya faɗi.

Yanzu kullum da safe muna tare. Ni in yanka takarda in ninke, in riƙe masa, shi ya buga ganye da fure. In na sa shuɗi inda yake son kore sai ya ƙwanƙwasa tebur. Malami dai malami ne.

Shekaranjiya ya nuna akwatin ƙananan hatiman haruffa. Ka san a jikin roba a juye suke, ni ma sai na lura nake gane su. Ya fi awa ɗaya yana zaɓa ɗaya bayan ɗaya, gumi na zubo masa. Ya ɓata kati uku. Da na kai hannu zan taya shi sai ya ture ni. Na ɗauka sunan Umma yake haɗawa. Da ya gama na karanta, sai na tashi na shiga kicin don kada ya ga fuskata.

Katin yana cikin wannan ambulan. Layin ya karkace, harafi ɗaya ya kife, ga shatin yatsansa a gefe. Ban gyara komai ba. Abin da ya buga shi ne: "KA ZO. NA YI KUSKURE."

Na tambaye shi ko in aika maka, ya gyaɗa kai sau biyu.

Taka,
Auta

Yayana na kaina,

Da fatan kun isa gida lafiya, kuma hanya ba ta wahalar da yarinya ba. A shafa min kanta.

Akwai abin da na kasa faɗa maka kana nan. Na daɗe ina jin haushinka, ina ganin ka tsere ka bar min komai. Amma da na ga ka durƙusa a gaban kujerarsa, ya dafa kanka ya ƙi sakinka, sai na nemi haushin na rasa. Kwana ukun nan da ka zauna kana riƙe masa takarda, ni a bakin ƙofa nake tsayawa ina kallonku. Kai kuma ba ka iya riƙon ba ko kaɗan, katunan duk sun zame. Na adana su.

Likita ya ce hannun hagun yana ƙara ƙarfi, mu ci gaba. Maganar dai sai a hankali.

Af, ka manta rigarka ta aiki, mai tabon baƙin mai a aljihu. Umma ta wanke ta ninke za ta ba direba ya kawo maka, Baba ya riƙe ta gam ya ƙi saki. Ya sa na rataye ta a ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakinsa, inda yake hango ta daga gado. Don haka in kana son rigarka, sai dai ka zo ka ɗauka da kanka.

Ka gaida Anti sosai.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta