Shirunku, Baba Ya Ɗauka Lafiya Ce

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Cibiyar Binciken Ruwa da Ƙasa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya damina?

"Hajiya, ai yanzu hasashen ya zama haja." Abin da jami'in sabon sashenku na kasuwanci ya faɗa mini ke nan ranar Litinin, yana murmushi, yana miƙo mini ƙasida mai sheƙi. Tambaya guda ta kai ni: ruwan Rima zai hau fadamar Taloka, inda mahaifina ke noma, bana? Amsar tana cikin kwamfutarsa. Na ce zan biya, ya ce rajistar ta kamfanoni ce, sai da shaidar kamfani. Mahaifina kuwa katin zaɓe kaɗai ya mallaka.

Ni malamar labarin ƙasa ce a Wurno. Na san awo na cin kuɗi, na kuma ji an ce kowace cibiyar gwamnati ta nemi na cefanenta. Ban ƙi ba, ranka ya daɗe. Ga dai abin da ƙasidar ta manta.

Na ɗaya. Sandar awon ruwan da ke bangon ƙasidar, a gonar mahaifina take. Hoton ya yi kyau, har rudunsa ya fito a gefe, wato rumfar karan da yake ajiye albasa. Shekarun baya ma'aikatanku suka roƙi wurin, ya ba su, ko goro bai karɓa ba. Shi ke nome gindin sandar, shi ke kore mata shanu. Alkawari ɗaya aka yi masa da baki: duk sadda ruwa zai taho, za a kira shi. Aka kuwa riƙa kira.

Na biyu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Da kuka mayar da gargaɗin na masu biya, kamfanonin inshora da manyan gonakin shinkafa, kun daina kiran, amma ba wanda ya je ya gaya masa an daina. A wurinsa shirunku amsa ce, kuma ma'anarta lafiya lau. Makon jiya na ga inda ruwa ya kai a jikin sandar, na ce mu kwashe albasar zuwa tudu. Ya ce, "Ɗiyata, mi za su ɓoye min? Da ruwa na tahe da sun hwaɗi. Mutanen ga ba su taɓa cin amanata ba." Digirina bai kai nauyin wayar da ba ta yi ƙara ba. Maƙwabta kuma rudunsa suke kallo. In mai sanda bai motsa ba, ba mai motsawa.

Na uku. Kada a ce mu kwashe kawai don rigakafi. Albasa da damina ba ta son taɓi: ta kurje, ta ruɓe. In na matsa masa ruwa bai zo ba, ni na ɓata masa abincin shekara. In na ƙyale ruwa ya zo, Rima ta ci. Abin da zai raba gardamar nan layi ɗaya ne a allon kwamfutar da jami'inku ya juya gefe cikin ladabi.

Ku sayar da taswira, ku sayar da rahoton ƙasar noma, Allah ya sa albarka. Amma wanda ya hango gobara ba ya ciniki kafin ya yi kururuwa. Roƙona, ku fitar da gargaɗin ambaliya daga cikin hajarku, a riƙa faɗinsa a rediyo, daga Goronyo har Rabah. In wannan sai kwamiti ya zauna, to a kira Baba cikin makon nan, lambarsa ba ta canja ba. In shi ma ya gagara, a aika masa ya san kun daina, ya koma duba ruwa da idonsa.

Ranar Litinin ɗin, da zan fito daga ofishinku, jami'in ya raka ni, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ƙofar ta rufe kanta a hankali. Gobe zan hau motar Taloka, in gaya wa dattijon da ke nome gindin sandarku cewa mutanensa ba za su kira ba. Ban san ko zai yarda da ni ba.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare gidanka daga ruwan da ba a sanar da kai ba.

Wassalam.

Hadiza, ɗiyar mai gonar da sandarku take.