Ɗanbala da Fartanyar Baba

Birnin Kudu,
9 ga Yuli, 2023.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya ƙafar taki, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Tunda kunnenki ba ya shiri da waya, na ba Iliyasu direba wannan takarda ya kawo Gwaram, Nasiha matar Yaya Hadi ta karanta miki. Nasiha, a ɗaga murya, kuma ban da tsallake layi.

Na san labarin Ɗanbala kike jira. Ranar da aka raba kayan Baba ban nemi komai ba sai kunkurun nan, kika dube ni kika ce ba zan iya da shi ba. To ga shi wata biyu ke nan yana gidana, kuma har yau ban gama mamakinsa ba. Sai da maza biyu suka kama sannan aka sauko da shi daga mota. Nakan zauna in zuba masa ido, in tuna Kaka ne ya tsinto shi a dawa tun Baba bai isa riƙe fartanya ba. Ya ga ranar da aka kawo ki gidan, ya ga sunana, ya ga fitar gawar Baba, kuma yana nan da tafiyarsa ta ƙasaita. Ikon Allah sai kallo.

Ni kuwa na ce dattijo irin wannan ba zai sauka gidana ya ci abincin awaki ba. Baƙo ne, kuma babba. Kwanon tangaran na ware masa. Da safe ƙosai da biredi, da rana kankana, da yamma tuwon shinkafa a ɗan shafa masa miya. Ki gafarce ni Inna, a raina har na ɗan ga laifin Baba, yadda ya yi shekara da shekaru yana watsa masa ciyawa a ƙasa.

Yanzu ɗan gata ne na gaske. Jan tsakiyar kankana kaɗai yake so, ɓawon ko kallo bai ishe shi ba. Abban Basma yana tsokanata wai saura a haɗa masa shayi mai kauri. Shi da Basma suna gaishe ki.

Ki huta lafiya.
'Yarki,
Sharifa.

Birnin Kudu,
2 ga Agusta, 2023.

Innata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya damina, ya mutan gida? Mu lafiyarmu ƙalau, amma hankalina ba a kwance yake ba. Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa.

Ɗanbala ba shi da lafiya, kuma ni na jawo. Idanunsa sun kumbura, zawo yake yi, ƙafafunsa na baya jan su yake. Sati biyu da suka wuce, ranar Talata, da na zo wanke shi na danna ƙoƙon bayansa ta wajen wutsiya, sai na ji ya ɗan lotsa. Inna lillahi! Bayan da muke hawa muna yara, ni da Yaya Hadi, ko gezau bai taɓa yi ba.

Abban Basma ya ɗauko likitan dabbobi. Da na lissafa masa abin da nake ba shi, bawan Allah ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Ya ce cikin wannan halitta na ciyawa ne, ciyawa iri-iri da ganye, sai ɗan abin da zai ƙarfafa ƙashi, kamar dakakken ɓawon ƙwai. Zaƙi da maiƙo kuwa a hankali suke kashe shi. Sannan ya tambayi aikina. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni ce fa kullum a asibiti nake tara iyaye mata ina yi musu faɗa a kan haɗa wa yara abinci, a sa wake, a sa ganye, kada a bi son bakin yaro.

Ba irin dabarar da ban yi ba. Na sayo harawa, na tsinko zogale, na yanka ƙanana na cakuɗa da kankana yadda nake koya wa mata su ɓoye ganye a faten yara. Tabɗi! Tsohon nan ya zauna ya tsince ja ɗaya bayan ɗaya, ya bar mini koren a kwano. Da na janye kankanar gaba ɗaya, sai ya shige ƙarƙashin tankin ruwa ya maida kai ciki. Yau kwana tara bai sa komai a baki ba.

Tsoro nake ji, Inna. Shekara saba'in da wani abu yana hannun mutanen da ba su taɓa shiga aji ba, ko mura bai yi ba, ya zo hannun mai takardar shaida wata uku bai cika ba zai mutu. Idan ya mutu, ji zan yi kamar na sake rasa Baba, wannan karon kuma da hannuna.

A gidan nan na girma amma ban taɓa tsayawa na lura ba. Don Allah ki faɗa wa Nasiha ta rubuto mini, me Baba yake ba shi, kuma yaya yake yi har ya ci? Kin yi gaskiya da kika ce ba zan iya ba.

Ki sa mu a addu'a.
Sharifa.

Birnin Kudu,
7 ga Agusta, 2023.

Innata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh. Ina gaishe ki, ina gaida Yaya Hadi da ya bar aikinsa ya shiga gonar Baba ya ciko mini buhu. Iliyasu ya kawo saƙo ranar Asabar: takarda, da buhun ciyawa, da tsohon ƙashin ragon layya, da fartanya.

Sau biyu na karanta bayaninki. Ashe Baba bai taɓa zaɓar masa abinci ba. Duk abin da fartanya ta nome ranar, harkiya ce, gadagi ne, yaɗiya ce, ganyen wake ne, shi yake ɗaurowa a bayan keke. Da rani kuma harawa, ga ƙashin layya a bayan rumbu yana gwaguya duk shekara. Abin da likita ya cika mini takarda da shi, Baba yana yinsa kullum a hanyar dawowa gida, ni kuma ina ganin rowa ce. Allah ya yafe mini.

Maganar fartanya ce ban ɗauka da muhimmanci ba. Kin ce in Baba ya dawo yakan buga ta sau uku a dokin ƙofa don kakkaɓe ƙasa kafin ya kwance ɗaurin, in yi haka. Na ce a raina tsufa ne da kewa. Sai kawai na zazzage ciyawar a gaban tanki. Wuni guda tana nan, ko leƙowa bai yi ba.

Jiya da hantsi, da na rasa abin yi, na ɗauko ta. Inna, ƙotar nan ta yi santsi, har da ɗan kwarmi inda babban yatsansa yake zama. Na je bakin ƙofar tsakar gida na buga, ɗaya, biyu, uku.

Shiru. Har na juya zan ajiye ta sai na ji ƙarar ƙoƙo yana gogar siminti. Ɗanbala ne ya fito. Halittar da ta kwana goma sha uku ba ta motsa ba, ga ta tana tahowa tana jan ƙafa, wuya a miƙe. Ba abin da nake iya faɗa sai subhanallahi.

Amma bai tsaya wajen ciyawar ba. Ta kanta ya bi ya wuce. Ya wuce ni ma, ina tsaye da fartanya a hannu, bai ko dube ni ba. Sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya ɗaga kai sama daidai inda fuskar mai shigowa za ta kasance. Inna, Baba yake nema.

Ban san tsawon lokacin da ya yi a wurin ba. Ni dai na durƙushe ina kukan da ban yi irinsa ba ko ranar rasuwar. Can ya sauke kai, ya juyo a hankali, ya dawo kan ciyawar ya kama yaɗiya ya ja. Ya ci gadagi, ya ci harkiya har da saiwarta da ƙasarta, da yamma kuma na tarar da shi yana fama da ƙashin nan.

Likita ya dawo yau. Ya ce kunkuru ta ƙasa yake jin bugu, kuma bayan zai daɗe kafin ya yi ƙwari, amma tunda ya fara ci akwai rai. Ya ce a fasa simintin wani lungu ya samu ƙasa da hantsi, Abban Basma har ya kira magini. Kwanon tangaran kuwa na wanke na maida kabad.

Roƙo ɗaya nake yi, ki bar mini fartanyar. Yau ma da safe na buga, ya sake zuwa bakin ƙofa ya jira kafin ya dawo ya ci. Ban hana shi ba. Na je na tsaya kusa da shi, muka jira tare.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.
'Yarki,
Sharifa.